Janowa: Birnin da Aka Mayar wa Tekunsa

Daga Milan na hau jirgin ƙasa zuwa Janowa, birnin bakin teku a ƙasar Italiya, muna ta kutsawa cikin ramukan da aka haƙa a duwatsu. Na sauka a tashar Piazza Principe, na gangara ta Via Prè, wani dogon lungu mai cike da shagunan baƙi, har da 'yan Senegal da 'yan Najeriya. Lungunan tsohon garin ƙunci gare su kamar na cikin birnin Kano, sai dai gidajen nan benaye ne masu tsawo, rana ba ta cika leƙa ƙasa ba.

Ina cikin wannan duhu sai ga sarari, ga iska, ga teku. Na iso Porto Antico, tsohuwar tashar jiragen ruwa ke nan.

Kafin 1992 ɗan gari ba shi da ikon taka wurin nan. Shingen kwastan ya kewaye shi, manyan jiragen kaya kuma sun koma yammacin birnin, aka bar rumbuna suna lalacewa. Da za a yi baje kolin cika shekara 500 da tafiyar Kolambus zuwa nahiyar Amurka, aka damƙa aikin ga mai tsara gine-gine Renzo Piano, wanda shi ma haifaffen Janowa ne. Abin da ya fi burge ni shi ne bai share wurin ya kafa sabon gari ba. Aka cire shingen, aka gyara abin da ke tsaye. Tsohon rumbun auduga, Magazzini del Cotone, yana nan da tsawonsa, amma yanzu zauren taro ne da sinima da laburaren yara. Na shiga na tarar da iyaye na karanta wa 'ya'yansu littafi a inda a da ake jibge dilolin auduga.

Na hau Bigo, wani ƙarfe da aka ƙera da siffar na'urar ɗaga kayan jirgi, wanda ke cilla mutane sama mita 40. Akwai kuma katafaren gidan kifaye, amma sai da tikiti. Dandalin kuwa kyauta ne, kuma can jama'a suka fi yawa: tsofaffi a kan benci, yara na guje-guje, wasu na cin burodin focaccia a bakin ruwa.

Abu ɗaya ya tsaya min a rai. Gadar motoci ta sama, Sopraelevata, wadda aka buɗe a 1965, har yanzu tana ratsawa tsakanin garin da tashar. Duk mai zuwa bakin ruwa daga lungunan nan sai ya bi ta ƙarƙashinta, motoci na ruri bisa kansa. Mutanen Janowa sun daɗe suna gardama a kanta, wasu na cewa idan babu ita cunkoso zai shaƙe garin. Ni dai da na tsaya a dandalin Piazza Caricamento na ga yadda ta tare fuskar Palazzo San Giorgio, wani tsohon gini mai tarihi, daga teku, ina tare da masu son a sauke ta.