Abin da Shagon Atamfa Ya Koya Mini Game da Talla

Lokacin da na kammala karatun kasuwanci na kama aiki a shagon wani dattijo a Kantin Kwari da ke Kano, ma'anar talla guda ɗaya na sani. A aji an koya mana ginshiƙai huɗu na tallata haja da wani malamin jami'a ɗan Amurka, Jerome McCarthy, ya tsara a 1960, wato kaya, da farashi, da wurin sayarwa, da hanyar sanar da jama'a. A unguwa kuwa talla shi ne yarinya da faranti a ka tana kiran masu sayen ƙosai, ko sanarwar da ake sakawa a rediyo bayan labarai tana cewa sabbin kaya sun iso, a garzaya kada a ba mutum labari. A duka biyun mai kaya ne ke magana, mai saye kuma nasa saurare ne.

Da yake ni ne ɗan boko a cikin yaran shagon, Alhaji ya saya mini babbar waya ya ce in riƙa yi wa kayanmu talla a intanet. Na buɗe mana shafi a Facebook da Instagram, na cika su da hotunan atamfa da leshi da shadda, har na biya mai wani shafi da ke da ɗimbin mabiya ya saka hotunanmu. Mutane da yawa sun gani, sun yaba, amma da wata ya ƙare muka buɗe littafin ciniki, turamen da suka fita ta wannan hanya ba su mayar da kuɗin da aka kashe ba. A nan na fara gane cewa tara masu kallo daban, samun abokin ciniki daban, kuma alƙaluman da waya ke nuna wa mutum suna iya faranta masa rai alhali aljihunsa bai shaida ba.

Cinikin gaske ta WhatsApp ya shigo, musamman bayan 2017 da aka ƙara masa wurin saka hoton da ke ɓacewa bayan awa 24. Mata ne suka fi yi mini magana, daga Damaturu da Gusau da Yola, har da Maraɗi da Damagaram, kuma yawancinsu ba rubutu suke yi ba, murya suke turowa. Sai an gaisa tukuna, an tambayi gida da yara da kasuwa, sannan ta ce, “Malam, waccan mai ruwan goro da ka saka jiya, tana zuba in an wanke?” Daga nan sai tayi, in ce albarka, ta ƙara, in je in tambayi Alhaji, in dawo in ce an sallama. Wata rana Alhaji ya zauna yana sauraron irin wannan hira har ta ƙare, sai ya ce, “Ai kai aikin dillaliya kake yi, sai dai ba ka ɗaukar ƙunshi a ka.”

Na daɗe ina juya wannan magana, domin ta bayyana mini abin da karatuna bai bayyana ba. Dillaliya ba ta shela a titi. Gida gida take shiga da ƙunshin kaya, ta san wadda za ta aurar da 'ya bayan salla, ta san wadda ke haɗa lefen ɗanta, ta san mai biya nan take da wadda sai adashinta ya fito. La'adarta kaɗan ce, jarinta kuwa amana, domin ranar da ta kai wa wata zane mai zuba ta ce mata na ƙwarai ne, kafin la'asar labari ya zaga gidajen unguwa kuma ƙofofi sun rufe mata. Intanet ya mayar da kowane mai shago irin wannan matsayi, sai dai unguwar ta faɗaɗa ta haɗa garuruwa, kuma labarin ya fi saurin tafiya.

Na ga haka da idona a kan wani anko. Wata Hajiya daga Yola ta zaɓi atamfa a hoton da na ɗauka cikin shago ƙarƙashin farin ƙwan lantarki, ta biya kuɗin turmi 20 don bikin ƙanwarta, muka ɗaure kayan muka kai tasha muka ba direba. Da kayan suka isa sai ta ga abin da ya fito shuɗi mai haske a hoto ya karkata zuwa kore, alhali an riga an sayi ɗankwali da mayafi da za su dace da shuɗin. Kafin ta kira ni ta riga ta jera hotona da hoton abin da ya iso a zauren WhatsApp na danginsu, inda akwai wasu mata uku da ke sayayya a wurinmu. Ni na so in kare kaina da cewa lambar zanen ɗaya ce, amma Alhaji ya karɓi wayar ya ce, “Hajiya, ki yi haƙuri, laifinmu ne. Ki ba direba kayan, kuɗin mota a wuyanmu, gobe a turo miki wanda kike so ko a mayar miki da kuɗinki.” Mun yi asara a wannan cinikin, amma ita da kanta ta koma zauren ta faɗi yadda aka yi da ita, kuma ankon bukukuwa biyu da suka biyo baya a danginsu daga shagonmu ya fita.

Tun daga ranar ba na ɗaukar hoto sai a bakin shago da hasken rana. Ina warware turmin in ɗauki bidiyo, in nuna gefen da aka buga sunan kamfani, in murza yadin a hannu don a ji ƙarar sa, in kuma faɗi a fili idan kwaikwayo ne ba na asali ba. Hausawa na cewa gani ya kori ji, to amma hoton waya rabin gani ne, ragowar rabin kuwa gaskiyar mai kaya ce ke cike shi. Saboda haka a wurina yanzu talla ya haɗa da saurin amsa saƙo, da yadda aka ɗaure kaya, da direban da aka zaɓa, da kiran da za a yi a ji ko saƙo ya isa lafiya, domin duk waɗannan mai saye zai ba da labarinsu, kuma labarinsa ya fi nawa karɓuwa.

Abubuwa biyu na waje sun hanzarta wannan sauyi. Kullen korona da aka saka a Kano cikin Afrilun 2020 ya faɗo daidai da azumi, lokacin da masu yadi suka fi ciniki, kuma waɗanda ke da lambobin abokan cinikinsu ne suka fi samun damar sayar da kayan salla. Sai kuma ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, wanda ya sa har dattawan da ke ƙyamar tiransifa suka rungume ta. Ita ma ta zo da nata darasin, domin ba ma sakin kaya don an turo hoton shaidar biya, sai mun buɗe asusu mun ga kuɗin sun zauna.

Akwai abin da ke damuna a wannan sabon yanayi, kuma ina faɗa wa duk wanda ya fara. Ranar Litinin 4 ga Oktoba 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida, na zauna da waya a hannu ba ni da hanyar sanar da mutanen da suka biya kuɗi cewa kayansu sun tashi. A daren na fahimci cewa rumfar da muka gina a intanet a filin wani take, kuma mai filin bai san da zamanmu ba. Washegari na sayi babban littafi na fara rubuta sunan kowace abokiyar ciniki da garinta da lambarta da irin zanen da take so.

Littafin ya nuna mini wani abu da ban lura da shi ba a da. Kaso mai yawa na sunayen ba masu sayen na ɗaurawa ba ne, matan aure ne da ɗalibai da ke ɗaukar hotunanmu su saka a nasu shafukan, su ɗora 'yar riba, in an biya su sai su turo mana mu aika kai tsaye. Da farko na ɗauke su masu cin gumin wani, har na so in riƙa buga sunan shago a tsakiyar kowane hoto. Alhaji ya hana, ya ce a ware musu farashin sari, a kuma riƙa tura musu hotunan sabbin kaya kwana guda kafin kowa ya gani. Yanzu duk ranar da aka sauke dila, su nake fara turawa tun kafin a gama jera turamen a kanta.