TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 9: Ranar da Baba ya shigo ajinmu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya na tsaya a inda aka canza mana firinsifal muna aji biyar, wato SS2, a farkon shekarar 2010. To yau zan ba ku labarin abin da mutumin nan ya kawo mana, wanda har gobe in na tuna sai na ji wani abu ya tsaya min a wuya.

Kamar yanda na faɗa a baya makarantarmu 'yar ƙarama ce ta jeka-ka-dawo a wani ƙauye na jihar Katsina, bulok uku ne kacal, ɗaya ma iska ta yaye rabin kwanonsa tun damina biyu da suka wuce. Ba mu da ɗakin gwaje-gwaje, kemistiri da fizis duk a allo muke ganinsu, malam ya zana kwalba ya zana wuta a ƙarƙashinta ya ce ku ɗauka ruwan nan ya canza kala, mu kuma mu ɗauka, mu rubuta, mu haddace. Malaman dindindin ba su kai yatsun hannu biyu ba, 'yan bautar ƙasa ne ke cike giɓin, su kuma kofa shekara ɗaya ce, kuna fara sabawa da mutum sai ya ɗauki jakarsa. Mutanen gari kuwa tsakaninsu da makarantar sai dai su ratsa ta filin ƙwallo in za su gona. "Makarantar gwamnati" suke ce mata, kamar wata baƙuwa da aka ajiye a bayan gari.

Sabon firinsifal ɗin abin da ya fara yi shi ne tada kwamitin nan na SBMC, wato kwamitin mutanen gari mai kula da makaranta, da ke kwance a takarda. A ƙa'ida kwamitin yana da mai gari da liman da wakilan mata da masu sana'a da tsofaffin ɗalibai har da ɗalibai biyu, amma mu ba mu taɓa jin sun zauna ba sai zuwansa. A zaman ne ya ce musu shi ba kuɗi ya zo roƙo ba tukunna, awa ɗaya yake so duk ranar Alhamis bayan an dawo daga tara, mutum ɗaya daga cikin gari ko kewaye ya zo ya tsaya gaban yara ya faɗi abin da ya sani. Ance liman ne ya fara cewa to mu me muka sani da za mu gaya wa 'yan boko? Firinsifal ya ce Allah gafarta malam, rabon gado da kake yi da ka, malamin lissafina sai ya ɗauko biro.

Liman ɗin kuwa shi ya buɗe. Ya zo ya ce a ba shi mamaci da magada, muka ƙirƙiro, mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, ya fitar da tumunin matar ya raba saura kashi biyar kafin malamin lissafi ya gama rubuta tambayar a allo. Ranar na fara gane cewa lissafin kashi-kashi da ke ba mu wahala shi ne dai sudusi da rubu'i da tumuni da muke ji a makarantar allo da zauren malam.

Bayan shi malamin gona ya zo da buhun nan mai ciki uku na ajiyar wake da ake kira PICS, lokacin sabon abu ne a wajenmu, ya ce masu bincike na jami'ar Purdue a Amurka ne suka fito da shi tare da masana na nan Afirka. Leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, ka ɗaure kowanne daban, ƙwarin da ke ciki su shanye 'yar iskar da ta rage su mutu, ba sai ka jefa ƙwayar magani a abincin da za ka ci ba. Muka ɗaure buhu guda a ofishin firinsifal muka rubuta kwanan wata a jiki, aka ce sai bayan wata huɗu za'a buɗe. Sai wata nas 'yar garinmu da ke aiki a birni, ita da tsohuwar ungozoma suka zauna da 'yan mata su kaɗai aka kore mu, daga baya ƙanwata ta gaya min sun yi musu maganar doguwar naƙuda da yoyon fitsari da yanda ake kai mata asibitin Babbar Ruga da ke Katsina a gyara su. Wani tsohon soja da ya yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 shi ma ya zo, bai yi minti ashirin ba ya yi shiru ya kasa ci gaba, kuma wallahi shirun nan ya koya mana abin da littafin tarihi bai koya mana ba.

Ba duka ne suka yi daɗi ba gaskiya. Akwai wani mai neman takara da ya ji labari ya tura aka sa shi a layi, ya zo da motoci ya cinye mana awa biyu yana yabon kansa, ya yi alkawarin kwano da har na gama makarantar ban gani ba. Daga ranar firinsifal ya kafa doka, wanda zai zo sai ya zo da abin da za'a taɓa da hannu ko a gani da ido. Wasu malamai ma sun yi ta ƙorafi cewa ana cinye lokacin silabus ga WAEC da NECO na tahowa, kuma ban ce ba su da gaskiya kwata-kwata ba, don mai jarrabawa ba ruwansa da wanda ya zo ajinku ranar Alhamis.

To yanzu ga inda labarin ya taɓo ni.

Mahaifina maƙeri ne, kakana maƙeri ne, gidanmu gidan maƙera ake ce masa. Ni ne ɗan fari, kuma tun ina shekara bakwai nake zama gindin zugazugi. Amma da na shiga sakandire sai na fara ɓoye abin, in zan tafi makaranta sai na dirje hannuna da toka da sabulu har ya yi zafi don kar a ga baƙin gawayi a farcena, saboda akwai yaran da ke ce min "mai baƙin hannu". Ina faɗin wannan ne da nadama, don mutumin da nake jin kunyar sana'arsa da kuɗin fartanya yake saya min yunifom.

Wata Litinin malamin kemistiri, wani kofa ne ɗan kudu mai son aikinsa, ya tsayar da ni bayan asembili ya ce firinsifal ya je gidanmu jiya, Babana ne baƙon wannan Alhamis ɗin. Na ji kamar ƙasa ta tsage na shige. Da na koma gida ban ce komai ba, Baba ma bai ce ba, sai Inna ce da dare tana kwashe tuwo ta ce "Babanku fa kwana biyu ke nan yana ta zaɓen gawayi, har babbar rigarsa ya sa na wanke." Na ce Inna ko zan ce ba ni da lafiya ranar? Ta ajiye mara ta kalle ni ta ce "kul, kar na ƙara ji."

Ranar Alhamis ƙannen Baba biyu suka kawo kaya a amalanke, uwar maƙera da masaba da awartaki da zugazugin fatar akuya da buhun gawayi, aka haƙa ɗan rami a gindin darbejiyar da ke gaban ajinmu. Makarantar gaba ɗaya ta fito, har mutanen gari da ke wucewa suka tsaya a bakin fili. Baba ya cire babbar rigar ya ninke ya ba firinsifal ya riƙe masa, ya zauna a ƙasa. Ni ina can baya na ɓuya a bayan wani dogo.

Ya fara da gawayi. Ya ɗaga biyu ya ce wannan na ƙirya ne wannan na itacen banza ne, ku ɗauka ku ji nauyi, na ƙirya shi ke riƙe wuta ya yi zafin da ƙarfe zai saurare ka. Ya ce kakanninsa ba su san ƙarfen mota ba, tama suke haƙowa su gina rahoniya, wato murhun narka tama, su kwana suna narka ta, zuwan Turawa da tarkacen ƙarfen jirgin ƙasa da na mota ne ya kashe wannan aikin. Malamin tarihi ya karɓa ya ce ai ko Kano ma tarihi ya nuna maƙera ne daga Gaya suka zauna gindin dutsen Dala saboda tama. Baba ya gyaɗa kai kawai ya ce haka muka ji.

Sai ya waiga ya ce "wani ya zo ya kama min zuga." Kun san ɗan fari, Baba bai taɓa kiran sunana ba tunda aka haife ni, kai yaro ne ko wannan, kuma ranar ko inda nake bai kalla ba. Yara biyu suka gwada, suna danna fatun lokaci guda wutar na tashi tana mutuwa ana ta dariya. Ban san lokacin da ƙafata ta ɗauke ni ba. Na ratsa mutane na durƙusa da farin wandona a cikin toka na kama, dama hagu dama hagu yanda hannuna ya saba, wutar ta miƙe ta yi fari tana huci. Kofa ya yi tsalle ya ce kun gani, oksijin ke nan, abin da nake ta zana muku a allo ke nan, iska ta ƙaru ƙuna ta ƙaru!

Baba ya sa ƙarfe biyu a wuta, guntun rodi da guntun sifirin na mota. Da suka yi ja ya ciro ya tsoma su a ruwa, ƙauuu, tururi ya tashi. Ya ɗora rodin a uwar maƙera ya doka, ya lanƙwashe. Ya ɗora sifirin ɗin ya doka sau ɗaya, ya karye kamar kwalba. Wajen ya yi tsit. Ya ce "wannan yana shan ruwa, wancan ba ya sha. Amma in ya sha da yawa taurin kai zai kashe shi, sai ka mayar da shi gefen wuta kaɗan kaɗan kana kallon kalarsa, in ta yi kamar karan dawa busasshe ka janye, shi ne ban ruwan wuƙa." Kofa ya sa aka fassara masa, ya riƙe kai, ya ce wannan fa sinadarin kabon ne, sifirin yana da kabon fiye da rodi shi ya sa yake taurara, kuma abin da Baba ya yi yanzu darasi ne da shi sai a jami'a ya karanta shi, bai taɓa gani da idonsa ba sai yau. Ya ce zafin da ƙarfe ke narkewa ya haura digiri 1,500, Baba kuwa ba shi da ma'auni, da kalar wuta yake karanta zafi. Ya ranƙwafa ya gaida Baba da hannu biyu.

Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce Baba to wasan wuta da maƙera ke yi fa, menene sirrin? Baba ya yi murmushi ya ce wannan ba na makaranta ba ne. Wata yarinya kuma ta tambaya me ya sa ake gasa tsinin ruwan fartanya kafin a soka shi a ƙota, ya nuna mata a take, ya ƙera 'yar ƙaramar fartanya tun daga farko har ƙarshe ya miƙa mata. Awa ɗaya aka ba shi, sai da aka kira azahar muna wajen.

Da aka tashi na taya su loda kaya a amalanke, hannuna baƙi ƙirin, rigata duk toka, yaran da ke tsokanata suna biye da ni suna tambayar ko za su iya zuwa maƙera ranar Asabar. Baba ya karɓi rigarsa, ya ɗan tsaya kusa da ni yana kallon wani wajen ya ce "zugar ta yi." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Sati biyu bayan nan shi da ƙannensa suka dawo ba wanda ya aike su, suka kwashe karyayyun kujerun ƙarfe da aka jibge a bayan ofis suka gyara. Kafintan gari ya ga haka ya zo ya buga katakon. Kafin damina ta sauka mai gari ya sa aka yi gayya, kowane gida ya kawo abin da ya samu aka rufe bulok ɗin nan da iska ta yaye, na ji da kunnena wani dattijo yana hana yara kiwo a filin yana cewa ku fitar da awakin nan daga makarantarmu. A watan Mayun shekarar ne shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu, kofa ya gaya mana marigayin ma kemistiri ya karanta a ABU Zariya har ya koyar a kwaleji, ni kuma a raina na riga na yanke abin da zan karanta tun ranar da sifirin nan ya karye.

Buhun waken ma an buɗe shi gaban iyaye, ya fito tas ba huda ko ɗaya, Inna na cikin matan da suka sa hannu suka damƙa suka duba.

Sai dai son karatu daban, kuɗin rajistar jarrabawa daban. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin yanda aka zo biyan kuɗin WAEC damina ta yi gardama, da abin da Baba ya ɗauka ya kai kasuwa ba tare da ya gaya wa kowa ba.