Dattijon gado na huɗu

Jiya na miƙa makullin durowata bayan shekara shida ina aikin nas a ɗakin masu shanyewar ɓarin jiki. Abin da ya fi tsaya mini a rai tun watana na biyu ya faru.

An kawo wani dattijo, hannu da ƙafar dama sun saki, baki ya karkace. Kullum da safe in na ce, "Baba, an tashi lafiya?" sai ya ƙura mini ido, leɓe na rawa, can sai ashar ta fito tar, ba gargada. Na ce a raina mai iya zagi ai zai iya amsa gaisuwa. Na rubuta a fayil ɗinsa cewa yana cin zarafin ma'aikata, na daina gaishe shi. 'Yarsa ta biyo ni bakin ƙofa tana hawaye: "Wallahi Sista, ko ɗan cikinsa Baba bai taɓa zagi ba." Ban yarda ba.

A kwana na tara babban likita ya karanta rubutuna da ƙarfi a gaban ɗalibai. Ya ɗaga hoton ƙwaƙwalwar, ya nuna tabo ta gaba a ɓangaren hagu, wurin da wani likitan Faransa, Paul Broca, ya yi bayaninsa a 1861. Hagun ƙwaƙwalwa ke juya daman jiki, kuma a yawancin mutane nan ake harhaɗa magana. Majinyacin Broca ma "tan" kawai yake iya furtawa, amma in ransa ya ɓaci yakan saki zagi. Kalmomin da suka zauna a baki suna da wasu hanyoyin jijiya da ciwon bai taɓa ba. Likita ya sa Baba ƙirga, ya kai goma tiryan-tiryan. Sunansa kuwa ya gagara. Sannan ya ce irin waɗannan majinyata suna fahimtar yawancin abin da ake faɗa. Ashe duk kwanakin nan Baba ya san na ɗauke masa gaisuwa.

Likitan ya ga rubutun tun ranar farko. Minti biyu a gefe sun isa ya fahimtar da ni, har yau ban ga dalilin jiran ba. Ni dai ban taɓa gyara sabuwar nas a gaban jama'a ba.

Sauran na koya a hankali: mai barin abincin hagun faranti ba tsirfa yake ba, ƙwaƙwalwarsa ce ta daina lura da gefen; tsohon da ya rikice da dare kuwa, a fara auna masa zazzaɓi.

Washegari na gaishe da Baba. Ya zage ni, ya riƙe hannuna da hagunsa, ya daɗe bai saki ba.