Sana'ar sa manhaja a waya da kwamfuta

Shagona ɗan ƙarami ne, kusa da kasuwar waya ta Farm Centre a Kano: tebur ɗaya, kwamfuta biyu, sai sola, don wutar Nepa ba abin dogaro ba ce. Da can aikinmu tura wa mutane karatu da waƙoƙi a memori. Xender, manhajar tura fayil daga waya zuwa waya, ta zo ta kashe mana wannan kasuwar, kowa na tura wa ɗan'uwansa kyauta. Yanzu da sa manhaja nake ci, da kuma kwashe tarkacen da mutane suka sauko wa kansu da shi daga intanet.

Yawancin wayoyin da ake kawo mini ciwonsu ɗaya ne. Mutum yana neman littafi, ya ga ƙaton koren maɓalli yana ƙyaftawa, ya danna. Ashe talla ce, na gaskiyar yana can ƙasa ɗan mitsitsi. Sai waya ta kama zafi, hotunan banza suna faɗowa a gaban iyali. Nakan ce wa mai koyo, "Malam, duba ƙarshen sunan fayil ɗin. In littafi ka nema, pdf za ka gani. In ka ga apk ko exe, manhaja ce za ta shiga ta zauna maka."

Ƙa'idata ba ta da yawa. Manhajar waya daga Play Store nake saukewa, ta kwamfuta daga shafin kamfanin da ya yi ta. VLC na kallon bidiyo da LibreOffice na rubutu kyauta suke, to me ya kai mutum ga ta sata? GB WhatsApp kuwa, wato jabun WhatsApp, ko nawa za a biya ba na sawa, don WhatsApp na rufe lambar masu ita, sannan Hajiya ta dawo ta ce ni na ɓata mata layi. Haka manhajar tocila da ke neman izinin karanta lambobin waya da saƙonni. Tocila da lambar surukarka, ina haɗinsu?

Sauke manyan manhajoji sai dare, lokacin da data ke araha. Windows 11, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, shi kaɗai ya haura giga 5, ga shi tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina kula da Windows 10, masu tsofaffin kwamfutoci sai tururuwa suke. Da yawa daga cikin kwamfutocin ba sa ɗaukar sabon, saboda haka tun kafin mu yi ciniki nake duba ƙarfin na'urar.