Ruwan Hulba da Ƙwayar Asibiti a Ciki Ɗaya

Shekara shida ke nan gwaggona tana fama da ciwon sukari, kuma ni nake raka ta asibiti. A bakin tagar ɗakinta, kusa da kwalin glibenclamide, ƙwayar ciwon sukarin da likita ya rubuta mata, akwai garin zogale, da kirfa, da hulbar da take jiƙawa tun dare, da man habbatus sauda da maƙwabciyarta ta kawo mata tsarabar Umara. Ban taɓa ganin aibun hakan ba, sai ranar da na shiga gaishe ta da hantsi na tarar gumi ya jiƙa mata ɗankwali, hannunta yana karkarwa, magana tana sarƙe mata. Na'urar awon sukarin jini ta nuna 54, alhali da zarar an yi ƙasa da 70 an shiga haɗari. Sai da na dama mata sukari a ruwa ta sha sannan ta dawo hayyacinta.

Ashe ta haɗiye ƙwayarta, ta bi ta da ruwan hulba, ba ta karya kumallo ba. Ita wannan ƙwaya tana sa jiki ya fitar da insulin, sinadarin da ke saukar da sukarin jini, ko an ci abinci ko ba a ci ba, hulba kuwa tana iya ƙara jan sukarin ƙasa.

Da likita ya ce, "Hajiya, me ya hana ki gaya mini?" sai ta amsa, "Likita, ai ganye ne."

Wannan amsa ita ta tsaya mini a rai, domin ganyen da yake da ƙarfin saukar da sukari yana da ƙarfin wuce gona da iri. Metformin kansa, wanda wani likitan Faransa, Jean Sterne, ya fara ba masu ciwon sukari a 1957, asalinsa daga binciken wani tsiro ne. Bambancinsa da ƙullin kasuwa shi ne an san adadin abin da ke cikin kowace ƙwaya. Kirfar da aka fi sayarwa kuma tana ɗauke da sinadarin kumarin, wanda yawansa yake taɓa hanta. Ban raina maganin gargajiya ba, da shi aka rene mu, amma ina jin tsoron shansa a ɓoye, musamman ga wanda ya ajiye ƙwayarsa don an yi masa alkawarin warkewa.

Yanzu duk ranar asibiti Gwaggo takan zuba kwalabenta a jaka ɗaya, ta jera su a teburin likita tare da littafin da nake rubuta mata awon safe. Zogalen ya bar mata a miya da kwaɗo, ruwan hulbar kuwa ya dakatar.