Kwamfutar da ke ɓoye cikin mitar wuta

A 1988, Mark Weiser na cibiyar bincike ta Xerox PARC a Amurka ya kawo tunanin cewa kwamfuta za ta sauka daga kan tebur, ta shige cikin kayan amfanin yau da kullum har a daina lura da ita. Mitar kati da ke bangon gidanka tana cikin irin waɗannan kaya.

A cikinta akwai ƙaramar ƙwaƙwalwar lissafi, da na'urar auna wuta, da makunnin da ke yanke layi idan kuɗi ya ƙare. Ba ta buƙatar intanet kafin ta karɓi kuɗi. Lambobi 20 ɗin da kake saya su ne saƙon, an kulle su da mabuɗin sirri na mitarka kaɗai, shi ya sa lambar maƙwabci ba ta shiga taka.

Kowace lamba tana ɗauke da lokacin da aka fitar da ita, a tsohon tsari ana ƙirga shi da mintoci tun daga 1 ga Janairu 1993. Ma'ajin ƙirgar mintoci miliyan 16 da 'yan kai kawai yake ɗauka, ya kuma cika ranar 24 ga Nuwamba 2024. Mitar da ba a sabunta ba sai ta ƙi sabuwar lamba, mai ita ya zata ta lalace.

Gyaran ba wuya. Karɓi lambobin canjin mabuɗi, wato lambobi na musamman da ke sabunta mitar, daga kamfanin wutarku, yawanci guda biyu ne, ka shigar da su bi da bi. Amma fara loda duk tsohuwar lambar da ka ajiye, domin bayan canjin mitar ba za ta karɓe ta ba.