Rigar Maigari

Alhamis. An kawo wuta tun kafin asuba, saboda haka daga masallaci shago na zarce, ko karyawa ban koma gida na yi ba. Ɗinkunan 'yan makaranta jibge, ga wata maƙwabciya da ta rantse in atamfarta ba ta fito kafin Juma'a ba sai ta kai ƙarata wurin uwargida. Wanda ya ji ana kirana ɗan wasan kwaikwayo zai ɗauka da wasan nake ci da iyali. Ina! Keken ɗinki ne ke biyan haya a Agege. Wasa kam, in an tashi lafiya aka raba kuɗin mota, sai hamdala.

Da hantsi na bar wa yaron shago sauran aikin na nufi tasha. Tun da jirgin ƙasa na Jan Layi ya fara ɗaukar fasinja a 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, na rage shan wahalar Oshodi. A kan hanya na bi ta ƙarƙashin gadar Pen Cinema. Silimar ta daɗe da mutuwa, suna kawai ya rage, yaran yanzu ma da yawa ba su san an taɓa nuna fim a wurin ba. Marigayi Baba, wanda ya kafa ƙungiyarmu, ya sha ba mu labarin finafinan Indiya da suka kalla a can suna samari. Mahaifinsa fataucin goro ya kawo shi Agege, kamar galibin tsofaffin gidajen Hausawan unguwar, bayan da layin dogo ya isa Kano a 1911 goro ya riƙa hawa Arewa cikin tarago. Baba a nan aka haife shi, yana jin Yarbanci sarai, amma har ya koma ga Allah bai daina cewa "gida" ba in yana nufin ƙauyensu na ƙasar Haɗeja.

Gwajin safe a tsibirin Legas ne, a wani zaure da aka kama haya. Wasan Turanci ne gauraye da buroka, ni kuma, kamar kullum, mai gadi. Buta, rediyo, benci, hula a karkace. Darakta yaro ne mai hankali, ba ya raina mutum, amma abin da ya taso ya gani a talabijin shi yake so: in riƙa juya harufa ina rantse-rantse, jama'a su yi dariya. Na ce masa zan yi, kuɗinsa ya fi na wasanninmu na unguwa nesa ba kusa ba, amma ya ba mai gadin nan fitowa guda inda zai kira gida a waya ya tambayi jikin mahaifiyarsa, ko a san shi ma haihuwarsa aka yi. Ya ce zai duba. Na san irin wannan dubawar.

Muna hutawa sai wata dattijuwa Bayarabiya da ke fitowa a uwar amarya ta matso kusa da ni. Tun zamanin da ake yawon gari-gari da babbar mota take wasa. Ta ce, "Malam, ina dogon nan naku mai babbar murya? Na kwana biyu ban gan shi ba." Baba take nufi, ashe ba ta ji ba. Na ce mata Allah ya yi masa rasuwa tun daminar bara. Ta dafe ƙirji ta zauna a kan bencin gadina, ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce sun taɓa haɗuwa a wani wasan wayar da kai kan rigakafi, shi ya koya mata yadda ake gaida sarki a durƙushe ba tare da zani ya harɗe ƙafa ba. Ni ban taɓa jin wannan ba.

Daga nan hira ta gangara kan Hubert Ogunde, don su ba a zama da su ba a ambace shi ba. Ɗan sanda ne ya ajiye kaki ya kama wasa, ya zagaye ƙasar nan da ayarinsa har Arewa, gwamnatin Jihar Yamma ta haramta masa wasa a 1964, ya rasu a 1990. Abin da ya tsaya mini shi ne gidansa na Ososa a jihar Ogun: an mayar da shi gidan tarihi, tufafinsa da gangunansa da hotunansa suna nan a adane, jikoki na zuwa suna gani. Na yi shiru ina tunanin adakar kwanon da ke ƙarƙashin teburin yanka a shagona.

Azahar a babban masallacin titin Nnamdi Azikiwe na yi ta. Kafin nan na ratsa ta gefen Freedom Park a Broad Street, tsohon kurkukun Turawa da aka mayar wurin shaƙatawa da wasanni a 2010. Duk sanda na yi wasa a can sai na karanta ƙulhuwallahu kafin in hau dandamali, don an rataye mutane a cikin wannan katangar.

Dawowa danfo na shiga, muka hau gadar Eko, cunkoso ya riƙe mu daidai inda ake hango babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Iganmu, mai siffar hular soja. An kammala shi a 1976 saboda FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a 1977, yanzu kuma an gyara shi, an sa masa sunan Wole Soyinka tun 2024. Baba ya je kallo lokacin FESTAC, wannan labarin kuwa babu ɗan ƙungiyar da bai haddace shi ba, har da yadda takalminsa ya ɓace a turmutsitsin ƙofa ya koma Agege da ƙafa ɗaya a sanye. Burinsa ya hau babban dandamalin nan da wasan Hausa ko sau ɗaya. Bai samu ba. Kwandasta ya daka mini tsawa kan canji, tunanin ya watse.

Bayan la'asar muka taru a filin makarantar firamaren da ake ara mana. Za mu maimaita wasan nan namu na rikicin gona a bikin yaye ɗaliban wata Islamiyya, wasan da ba mu taɓa ba tun rasuwar Baba, saboda shi ne Maigari a ciki. 'Yan ƙungiya sun yanke cewa ni zan karɓa. Don haka na zo da adakar a kan acaɓa, aka buɗe ta a gaban kowa.

A sama rigar take. Babbar riga ce ta saƙi, shuɗiya, aska biyu, rinin ya koɗe a kafaɗu inda yake naɗe hannuwan. Akwai ɗigon jan goro a gefen aljihu, da wani faci a baya da ni na yi masa da hannuna, ranar da ƙusa ta kama shi muna wasa a Idi-Araba. Ƙamshin turarensa na ɗan Goma bai gama fita ba, ya haɗu da warin ajiya. Na sa hannu a aljihu sai na ji takarda. Kwalin sabulu ne aka yage, an yi rubutun ajami a bayansa da jan biro. Baba bai yi boko ba, kuma bai taɓa haddace takardar wasa ba. A gaya masa labarin, shi zai san abin da zai faɗa. Abin da ke kwalin 'yan kalmomi ne a jere: shiga, zauna, goro, jira, sai faɗa. "Jira" ɗin ya ja masa layi biyu a ƙasa.

Wannan jiran shi ne duk sirrinsa. In ya saki magana aka fashe da dariya, ba ya ɗora wata a kai. Sai ya kama hannun riga ya naɗe a kafaɗar dama a hankali, ya naɗe na hagu, ya dubi mai ƙara ta gefen ido, kafin ya gama jama'a sun lafa, sannan ya sako ta biyu wadda ta fi ta farko zafi. Na tsaya kusa da shi a matsayin ɗan doka ina kallon wannan shekara da shekaru, amma yau da na sa rigar na gwada, sai na yi sauri. Ƙaramin cikinmu ya ce, "Kawu, ka riga shi da numfashi guda." Gaskiyarsa. Ga rigar tana jan ƙasa, don Baba ya fi ni tsawo sosai. Aka ce in rage ta, tunda ni ne tela. Na ce almakashina ba zai taɓa ta ba. Zan kama ta da zare daga ciki, ɗinkin da za a iya warwarewa.

A ƙasan adakar akwai kaset-kaset na bidiyo, irin manyan nan na da, na wasannin da aka ɗauka a bukukuwa. Mun ɗaga ɗaya a haske, zaren ya yi fari fat da fumfuna. Damshin Legas ba ya barin irin wannan kaya. A nan gardama ta tashi. Yaran suka ce daga yau duk gwajin da za a yi a ɗauka a waya a ɗora a TikTok da YouTube, in ba haka ba mu ma haka za mu shuɗe. Suka kawo misali: Rabilu Musa Ibro ya rasu tun Disambar 2014, amma yaron da aka haifa bayan rasuwarsa ya san muryarsa. Saratu Giɗaɗo ta rasu cikin azumin 2024, har gobe ana tura guntayen wasanta. Na ce ban ƙi ba. Sai dai ku dubi na gabansu. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja, wato Usman Baba Pategi, a 2023, mutanen da a da in za a nuna su unguwa guda ke taruwa a gaban talabijin ɗaya. Nawa ne daga cikin aikinsu mutum zai nema yau ya samu cikakke? Su ma da gidajen talabijin suka ɗauka ke nan, balle 'yan kama da 'yan gambara da masu tashen azumi da suka yi wasansu a ƙofar gida aka watse. A ɗauka, na yarda. Amma mai riƙe da waya yanke shirun yake yi don bidiyo ya yi gajere, kuma shirun ne aikin.

Al'adarmu ce kafin a tashi a ambaci waɗanda suka riga mu. Da can Baba ke yi, yau ta faɗo kaina. Mai kalangunmu da mota ta kaɗe a hanyar Abeokuta. Yarinyar da ke fitowa a kishiya, ta koma Arewa aure, ta rasu wurin haihuwa, sai a waya muka ji. Tsohon da ke ara mana janareto ba ya karɓar ko kuɗin mai. Sai Baba, wanda ya cika da safe, aka yi masa sutura aka kai shi kafin la'asar a nan Legas, danginsa na Haɗeja ba su iso ba sai washegari. Na yi ta tunanin zan iya kai ƙarshen jerin lafiya, da na zo kansa murya ta ƙi. Wani ya karɓa ya ja fatiha. Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta, ya kyautata tamu in ta zo.

Muna naɗe tabarmi sai malamin Islamiyyar, wanda ya zo ganin shirinmu, ya ja ni gefe. Ya ce, "Malam, rigar nan ta ƙungiya ce ko tasa?" Na ce tasa ce, da kuɗinsa ya saya a Kano, a wurina dai yake ajiya. Ya ce to ai gado ce, kuma a cikin magada akwai marayu ƙanana, ba a yin kyauta da haƙƙinsu ko da uwarsu ta ce ta yafe. Ko a mayar, ko a yi mata kuɗi na gaskiya a biya. Babu wanda wannan ya taɓa faɗo wa a rai a cikinmu. Nan take aka fara karo-karo, masu acaɓa a cikinmu suka ce sai sun fita aikin dare, tunda dokar hana su manyan tituna ta rage musu samu.

Bayan isha na kira Inna, matar marigayin, na ce ranar Asabar za mu zo da babban ɗansa da wani dillalin riguna a yi wa rigar kuɗi. Ta ce, "Ɗan nan, tsohuwar rigar nan har wani kuɗi gare ta?" Na ce malam ne ya ce. Ta ce to Allah ya kai mu, in za mu zo kuma in taho mata da ɗinkin jikanta da na riƙe tun kafin Sallah.